Garkar gidan abinci a bakin Gulbin Maradi

Wani gidan abinci na Maradi yana da garkarsa a bakin Gulbi. Wanda ya shiga da asuba zai tarar da masu garka suna jan ruwa daga rijiya, masu dahuwa kuma sun zo da kwanduna. Suna tsinkar salati, tumatir, shu, karoti da tattasai, daidai abin da tukunyar ranar ke bukata.

Ɓawon kayan miya da tokar murhu ba a zubar da su. Ana tara su a rami tare da kashin dabbobi, su zama taki. Ƙwari kuwa, da jiƙon 'ya'yan dogon yaro ake korarsu.

Wahalar tana zuwa a watan Afrilu. Zafi yana ƙona tumatir, ruwan rijiya ya ja baya, kaya su yi tsada a kasuwa. Saboda haka tun cikin sanyi ake shanya kauɗa, a ajiye albasar Galmi cikin rudu.

Bayan farin 1984, Shugaba Seyni Kountché ya kira jama'a zuwa noman rani. 'Yan'uwa manoma, wannan garka ta nuna amfanin kiran.