Sanin shanu ya fi aminci kawo aiki: Darasin LinkedIn ga matasa da 'yan kasuwa

A Najeriya, idan aka ji wani ya samu aiki mai tsoka, tambayar farko da ake yi ita ce wa ya sani. Tambayar tana ɗauke da zargi, kuma ba a banza ba. A 2023 sai da Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken sayar da guraben aiki a ma'aikatu da hukumomin tarayya. Amma idan aka ajiye batun cin hanci gefe, masana zamantakewa sun daɗe da tabbatar da cewa a ko'ina cikin duniya ta bakin mutane labarin aiki yake yawan isa ga mai nema. Abin lura shi ne irin mutanen da suke kawo labarin.

A 1973, wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Mark Granovetter, ya wallafa sakamakon tambayoyin da ya yi wa ma'aikata a garin Newton da ke kusa da Boston. Cikin waɗanda suka samu aiki ta hanyar wani da suka sani, kusan kashi 17 cikin 100 ne kawai suka ce suna yawan haɗuwa da mutumin. Sauran duk sun ce jefi-jefi suke ganinsa, ko ma da wuya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Aminin mutum majalisarsu ɗaya, abin da ya ji shi ma ya ji. Wanda aka yi wa sanin shanu kuwa yana zaune ne a wata majalisar daban, yana jin labarin da ba ya ƙetarowa.

Wannan shi ne ginshiƙin LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu sana'a da Reid Hoffman da abokansa suka buɗe a watan Mayun 2003. Kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 kan dala biliyan 26.2, kuma a 2023 ya sanar da cewa masu rajista sun haura biliyan ɗaya. A nan ne aka jarraba ra'ayin Granovetter a kan mutane sama da miliyan 20 cikin shekaru biyar. An riƙa sauya jerin sunayen da dandalin yake nuna wa mutum a matsayin waɗanda wataƙila ya sani: wasu aka cika musu jerin da na kusa, wasu da na nesa. Sakamakon da mujallar Science ta buga a watan Satumban 2022 ya nuna cewa alaƙa mai ɗan rauni, wato wadda ba ta kai aminci ba kuma ba ta zama baƙunta ba, ita ce ta fi kai mutane ga sabon aiki. An soki kamfanin da cewa ya yi gwaji da makomar mutane ba tare da ya faɗa musu kai tsaye ba, kuma sukar tana da hujja. Sai dai ba ta rushe abin da aka gano ba.

Matashin Najeriya da ya kammala karatu yana da tarin irin wannan alaƙa, amma yakan bari ta zube. Makonni uku na sansanin masu yi wa ƙasa hidima kaɗai sun isa su haɗa ɗan Gusau da 'yar Enugu da ɗan Akure a rukuni ɗaya. Bayan shekara biyar ɗaya yana banki a Legas, ɗaya tana ƙungiyar agaji a Maiduguri, lambobin waya sun canja, zauren WhatsApp ɗin ya mutu. Ga malamin da ya duba kundin digiri, ga shugaban sashen da aka yi aikin koyon sana'a a ƙarƙashinsa, ga wanda aka zauna kusa da shi a wani taron bita a Abuja. Amfanin LinkedIn na farko shi ne riƙe waɗannan zaren kada su tsinke, domin duk inda mutum ya koma, shafinsa yana bin sa.

Akwai wani cikas da ya shafi tarbiyya. An raini Bahaushe a kan cewa yabon kai jahilci ne, saboda haka da yawa sukan buɗe shafi su bar shi fayau: ba hoto, ba bayani, sai suna da makaranta. Wasu kuma sukan zarce, su jera wa kansu laƙabobi biyar alhali ba su nuna aiki ɗaya da suka gama ba. Duka biyun ba sa cin kasuwa. Jami'in ɗaukar ma'aikata ba ya karanta shafuka ɗaya bayan ɗaya. Yakan rubuta sunan ƙwarewar da yake nema da garin da yake so, injin bincike ya tace masa. Akawun da bai ambaci manhajar lissafin da ya iya ba, ba zai fito a jerin ba ko da ya fi kowa iyawa. Faɗin cewa mutum ya kula da asusun wani shiri na tsawon shekara biyu, ko ya horar da manoma a ƙananan hukumomi uku, ba fahariya ba ce. Shaida ce, kuma ana iya bincikarta.

Haka ma saƙon farko. Yawancin manyan ma'aikata sun gaji da gaisuwar da ba ta da ci gaba, da kuma roƙon a taimaka da ko wane irin aiki. Saƙon da yake samun amsa gajere ne: ya tuna wa mutum inda aka haɗu, ya yi tambaya ɗaya takamaimai da za a iya amsawa cikin minti biyu. Harshen dandalin ma wani shinge ne, domin kusan duk hulɗar aiki a Najeriya da Turanci ake yin ta a can, kuma kuskuren rubutu a layin farko yana iya rufe ƙofa.

Ga 'yan kasuwa lamarin ya ɗan bambanta. Binciken 2022 ɗin ya gano cewa alaƙar nesa ta fi tasiri a sana'o'in da suka dogara da fasahar zamani, yayin da a sauran sana'o'i alaƙa ta kusa take da ƙarfi. Dillalin Kantin Kwari da yake bayar da kaya bashi bisa amanar shekara ashirin ba ya buƙatar shafi a intanet don ya san wa zai yarda da shi. Amma mai tara riɗi ko zoɓo a Dawanau, ko citta a Kachia, wanda yake son ya daina tsayawa a hannun 'yan tsakiya, mai sayensa yana Turkiyya ko Japan ko Mexico, kuma babu majalisar da za ta haɗa su. Manajan sayayya na irin waɗannan kamfanoni yakan duba ko kamfanin yana da rajistar CAC da takardar Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki ta NEPC, da hotunan rumbu na gaskiya, kafin ya amsa saƙo.

'Yan damfara ma sun san darajar sanin shanu. Suna buɗe shafuka da tambarin manyan kamfanonin mai ko hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, su yi wa mutum albishir da aikin da bai nema ba, su ja shi zuwa WhatsApp ko Telegram, sannan su buƙaci kuɗin fom, ko na gwajin lafiya, ko lambar BVN. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sha nanata cewa ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar aiki. Gurbin gaskiya kuma kusan kullum yana nan a shafin intanet na kamfanin da kansa, inda mai nema zai iya dubawa kafin ya tura wa kowa takardunsa.