Aradu: Jirgin yaƙin da Jamusawa suka ƙera, aka raɗa masa sunan Hausa

Uwargida, idan kika ji wani ya ce "aradu", na san abin da zai faɗo miki a rai: ko dai hadari ne ya taso daga gabas kina gaggawar kwashe shanya, ko kuwa wani ne ya matsu a yarda da maganarsa. To akwai wata Aradun da ba ta taɓa ratsa sararin Ƙanƙara ba. Jirgin ruwan yaƙi ne, wanda ya shafe shekaru yana matsayin babban jirgin rundunar sojan ruwan Najeriya.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, kwanan baya wata baiwar Allah daga Faskari ta kawo jikarta rigakafi, ta tsaya tana yi mini ƙorafin ɗanta da ya nace sai ya shiga sojan ruwa. Ta ce, "Malama, yaron da ko rafi ya cika sai an riƙe masa hannu, me ya haɗa shi da teku?" Na yi dariya, amma idonta ba na mai wasa ba ne. Uwar da ta ga abin da ya faru a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, ranar da aka kwashe ɗalibai sama da 300, ba za a ce ta cika tsoro ba don ta ji ɗanta na maganar kaki. Shi kuwa yaron, hoton wannan jirgi ne a fuskar wayarsa.

Gwamnatin soja ta Obasanjo ce ta ba da kwangilarsa a 1977. Kamfanin Blohm + Voss na birnin Hambug a Jamus ta Yamma ya fara aikin a ƙarshen 1978, aka sauke shi kan ruwa a Janairun 1980, sannan aka ƙaddamar da shi a Fabrairun 1982, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Da farko sunansa Republic, daga baya aka mayar da shi Aradu. Tsawonsa ya ɗan haura mita 125, wato ya fi filin ƙwallo, kuma mutanen da ke aiki a cikinsa sun kusa 200. Ki ƙiyasta tukunyar da za ta ciyar da su sau uku a rana a tsakiyar teku.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar ƙirar, wadda Jamusawan suka kira MEKO. A da, idan aka dasa bindiga ko na'urar hangen nesa a jirgin yaƙi, ta zama tsoka ɗaya da shi; in ta tsufa sai an yanke ƙarfe, an warware wayoyi, jirgi ya yi watanni a ajiye. Su kuwa sai suka sanya kowane makami da na'urarsa a cikin akwati mai ma'auni ɗaya, suka bar masa gurbi a jikin jirgin. In ya lalace ko an samu wanda ya fi shi, a ɗaga akwatin da ƙugiya a zura wani, kamar yadda kike zare aljihun durowa. Aradu ne jirgi na farko a duniya da aka gina a kan wannan tsari. Bayansa Ajantina ta sayi huɗu masu kama da shi, kuma har yau ƙasashe irin su Turkiyya da Ostareliya da Afirka ta Kudu suna amfani da jiragen wannan zuriya.

Injinansa ma iri biyu ne. Akwai na dizal don tafiyar yau da kullum mai tsimin mai, akwai kuma na Rolls-Royce masu aiki irin na jirgin sama, waɗanda ake tayarwa in ana sauri, su kai shi gudun kusan kilomita 56 a awa. A titin Funtuwa wannan ba gudu ba ne, amma ga ƙarfe mai nauyin tan sama da 3,000 a kan ruwa, abin a jinjina ne. Yana ɗauke da babbar bindiga a gaba, da makamai masu linzami, da wurin saukar jirgi mai saukar ungulu a baya.

Rayuwarsa ba ta tafi sumul ba. A 1987 ya maƙale a kogin Kwango. Ya yi aiki da dakarun ECOMOG lokacin rikicin Afirka ta Yamma a shekarun 1990. A 2005, lokacin da wasu suka riga suka yanke masa ƙauna, ya isa Ingila bikin cika shekara 200 da yaƙin Tarafalga, a 2007 kuma ya tsallaka teku zuwa Birazil. Daga nan sai dogon zama a bakin ruwa.

Nan ne abin ya taɓa ni a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Na taɓa aiki a wani wuri da aka kawo mana na'ura sabuwa fil, aka yi bikin buɗewa, bayan 'yan watanni wani ɗan ƙaramin abu ya ƙone a cikinta, aka lulluɓe ta da zani har na bar wurin. Jirgin da aka ƙera musamman don gyaransa ya zo da sauƙi, shi ma sai da rashin kayan gyara ya kwantar da shi. A 2023 ne rundunar ta sa hannu da kamfanin Dearsan na Turkiyya don a sabunta shi.

Ga uwar da ɗanta ya ƙwallafa rai, ko a Sabuwa take ko a Faskari: rashin teku a Katsina ba ya hana shi. Awwal Zubairu Gambo, wanda ya shugabanci rundunar daga 2021 zuwa 2023, ɗan Kano ne, kuma akwai kwalejin rundunar a Dawakin Tofa. Ana horar da ƙananan sojoji a Onne ta jihar Ribas. Ta intanet ake cike takardar nema, kuma kyauta ce, don haka duk wanda ya ce ki sayar da akuya ki kawo kuɗin gurbi, ki riƙe akuyarki.

Matar Faskarin ta dawo ranar allura ta gaba. Ta ce har yanzu ba ta amince ba, amma ta sa ƙanenta ya fara koya wa yaron iyo.