'Sha Ka Fashe' Da 'Yan Hulunan Da Ke Kan Ƙoda

A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka zaune kamar hula, nauyinta bai wuce giram 5 ba. Likitoci suna kiranta adirinal. Ita ce ke fitar da sinadarin kotisol, wanda ke riƙe bugun jini da sukarin jiki, ya kuma tallafi mutum sa'ad da zazzaɓi ko naƙuda suka zo. Wani likitan Ingila, Thomas Addison, shi ne ya bayyana a 1855 yadda mutum ke ramewa, ya yi baƙi, in waɗannan hulunan suka lalace. A ƙasashenmu tarin fuka ne ya fi lalata su.

Amma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami dabam ne. Daga Kaura Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi, ba wuya yarinya mai shirin aure ta sami ƙwayar da ake kira 'sha ka fashe', don kada dangin ango su ce ba ta da jiki. Sau da yawa deksa ce a ciki, wato ɗan'uwan kotisol mai ƙarfin gaske. Fuska ta cika, ciki ya fito, amma cinyoyi su sirance. Wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne da kitse a inda bai dace ba. Hawan jini da ciwon sukari suna biye. Wasu mayukan bilicin ma hanyarsu ke nan.

Ga inda haɗarin yake. In an yi mako uku ko fiye ana shan ƙwayar, hulunan sukan ga an ɗauke masu aiki, sai su kwanta barci. Ranar da aka daina kwatsam, jiki ba shi da kotisol nasa. Kasala, amai, jiri, jini ya faɗi. Zazzaɓin cizon sauro kaɗai na iya kashe mutum. Hanyar Gusau kuwa ba kullum take biyuwa ba.

Saboda haka, iyayenmu na Zumuntar Mata, in kun gane 'yarku tana sha, kada ku ƙwace ku zubar ran nan. Ku kai ta asibiti tare da kwalin, likita ya riƙa rage mata kaɗan kaɗan har hulunan su farka. In kuma ta taɓa sha, ta faɗa wa unguwarzoma tun ranar awon farko.