Tuƙin Kumbo a Cikin Kwamfuta

Ko kun san mutum yana iya koyon tuƙin kumbo, watau jirgin 'yan sama jannati, ba tare da ƙafarsa ta bar ƙasa ba? Akwai wani shiri na kwamfuta mai suna Orbiter, wanda wani masanin kimiyya a Landan, Martin Schweiger, ya fito da shi cikin shekarar 2000, kuma kyauta ake samunsa. Iyayenmu kan ji an ce wasan kwamfuta su ɗaure fuska, to amma wannan ba dodo a cikinsa, ba harbe-harbe. Kumbo ne kurum, da mai ɗan ƙayyadadde, da dokokin nan na Newton da muke haddacewa a aji.

Abin da mai koyo zai fara ganewa shi ne, in ya miƙe sama sak ya kashe inji, zai faɗo ne kamar dutsen da aka jefa. Tilas ya karkata kumbon ya yi gudu a kwance, har ya kai wajen kilomita 28,000 cikin sa'a guda. Daga nan kumbon zai yi ta faɗowa, amma da yake duniya ƙwallo ce, sai ta riƙa lanƙwashewa a ƙarƙashinsa, ba zai taɓa ta ba. Haka Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa take yi a bisan kamar kilomita 400, tana kewaye duniya cikin minti 90 da 'yan kai.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen cim ma tashar nan. A ce tana gabanka. Kowane direba zai ce ai sai a ƙara wuta. To, a can ba haka abin yake ba! In ka ƙara wuta, kumbonka hawa zai yi zuwa wata hanya ta bisa, wadda ta fi tsawo, kuma tafiya a kanta ta fi nawa. Kana ji kana gani tashar za ta yi ta ba ka rata. Dabarar ita ce ka juya bakin inji gaba ka rage gudu, kumbon ya gangaro hanya ta ƙasa mai gajeren zagaye, kamar mai tsere da ya kama layin ciki a filin wasa. Bayan 'yan zagaye sai ka taso ka tarar da ita.

Kada kuwa a yi wa mai koyo dariya in ya ruɗe, don manya ma sun ruɗe. Cikin watan Yuni na 1965, James McDivitt na Amurka, yana tuƙa kumbon Gemini 4, ya so ya matsa kusa da guntun rokar da ta kai su sama. Ya yi ta nufarsa kai tsaye, guntun yana ƙara nisa, har mai ya yi ƙasa aka ce ya haƙura. Sai a watan Disamba na shekarar Wally Schirra ya bi lissafi, ya kai Gemini 6 dab da Gemini 7, tsakaninsu kamar ƙafa ɗaya.

A ganina sashen da ya fi wuya shi ne na ƙarshe, watau haɗa kumbo da ƙofar tashar. Can babu iska, balle taya da zai kama ƙasa, saboda haka duk turin da ka yi, sai ka yi wani daidai da shi ta ɗaya gefen kafin kumbon ya tsaya. Mai gaggawa yakan wuce ƙofar, ko ya ƙarar da mansa wajen gyara. Gwanaye kuwa 'yan santimita kaɗan suke matsawa cikin daƙiƙa guda, idonsu a kan allo, hannu bisa maɓalli.