Yadda Na'urori Ke Gaisawa Ba Igiya

Yara, kun taɓa ganin mutum yana tafe shi kaɗai, yana magana yana dariya, ba kowa kusa da shi? Da a zamanin kakanninmu ne, da sai a ce ya taɓu. Amma in kun duba kunnensa da kyau, za ku ga wani ɗan abu kamar ƙwallon dabino maƙale a ciki. Wayarsa tana aljihu, magana tana zuwa kunnensa, ba igiya ba zare tsakaninsu. Dabarar da ke yin wannan aiki ita ake kira Bluetooth.

Asalinta daga ƙasar Suwidin ne, can arewacin Turai. A shekarar 1994 masanan wani kamfani mai suna Ericsson suka fara neman hanyar raba mutane da wahalar igiyoyi. A 1998 kamfanoni biyar, watau Ericsson da Nokia da IBM da Intel da Toshiba, suka haɗa kai don kayansu su riƙa jin harshe guda. Sunan kuwa laƙabin wani sarkin Denmak ne, Harald, wanda ya yi mulki fiye da shekara dubu da suka wuce. Ma'anarsa Mai Shuɗin Haƙori. Shi ya haɗa kan mutanen ƙasarsa, don haka aka ga sunansa ya dace da abin da ke haɗa na'urori.

To, yaya abin ke aiki? A cikin waya akwai ɗan ƙanƙanin rediyo, a cikin abin kunne ma akwai irinsa. Kowanne yana aikawa, yana kuma karɓa. Ƙarfinsa kaɗan ne, yawanci ba ya wuce mita 10, watau kamar tsawon ajinku.

Ran farko, su biyun baƙin juna ne, sai an gabatar da su. Abin kunne zai yi ta shelar sunansa cikin iska, kamar mai sallama a ƙofar gida. Waya ta ji, ta rubuta sunan a fuskarta. Mai waya ya taɓa sunan, ya amsa sallama ke nan. Sa'an nan su ƙulla wani asiri tsakaninsu, kowa ya ajiye. Gobe in sun haɗu ba sai an sake gabatar da su ba, da asirin nan za su gane juna. Da can sai an buga lamba kafin su yarda, sau da yawa 0000 ko 1234. A 2007 aka sauƙaƙa abin. Yanzu wani lokaci lamba mai alƙalami shida ke fitowa a na'urorin biyu, mutum ya duba, in iri ɗaya ce ya yarda.

Ga wani abin mamaki. Iskar da suke magana a cikinta cike take da hayaniyar waɗansu na'urori, musamman masu raba intanet. Ku ɗauka abokai biyu ne ke hira a Kasuwar Kurmi ran cinkoso. Sai suka shirya ba za su tsaya wuri guda ba, za su riƙa sauya rumfa bi da bi, bisa tsarin da suka yarda da shi. In hayaniya ta danne magana a wannan rumfa, sai a maimaita ta a ta gaba. Haka waya da abin kunne ke yi. Rumfunansu 79 ne, suna kuwa iya sauyawa har sau 1,600 cikin sakan ɗaya tak!

Duk da wannan hikima, abin yakan ba da kunya. In an yi nisa, murya ta yanke. Bango mai kauri yana rage ƙarfinta. Jikin mutum ma yana tare ta, gama jikinmu yawancinsa ruwa ne, ruwa kuwa yana shanye irin wannan saƙo. In batir ya mutu, shi ke nan. Mai kallon fim kuma wani lokaci yakan ga baki ya motsa kafin magana ta iso.

Amma abin da ya fi damun mutane shi ne yawan amanarta. Na'ura ba ta manta aboki, ba ta kuma san lokacin da ba a bukatarsa ba. Wata rana ina ɗaki, yayana ya aiko mini da saƙon murya a kan wata maganar gida. Na danna, ban ji kome ba. Na ƙara sauti, shiru. Ashe yara sun kunna lasifikar da na taɓa haɗawa da wayata, suka bar ta a zaure. Muryar Yaya tana can tana tashi, baƙi uku suna zaune suna saurare! Tun ran nan nakan duba inda wayata ta maƙale kafin in buɗe saƙo.

In haɗin ya ƙi, kada ku bugi na'ura. A matso da su kusa, a kashe, a sake kunnawa. In har yanzu ya ƙi, a duba ko abin kunnen ya riga ya kama wata waya, domin da yawansu ba su bauta wa iyayengiji biyu. In duk bai yi ba, sai a umurci waya ta manta da shi, a gabatar da su sabo. A ganina igiya ta fi aminci, ba ta neman caji. Sai dai tana sarƙewa, tana tsinkewa, ba ta kuma barin mutum ya tashi ya bar wayarsa bisa tebur.

Wani kashedi. In sunan da ba ku sani ba ya nemi haɗi da wayar gidanku, ko ya ce zai aiko da wani abu, ku ƙi, ku gaya wa babba.

Ga abin da za ku gwada. Ku roƙi malam ya haɗa wayarsa da lasifika a filin makaranta. Yaro ɗaya ya ɗauki lasifikar ya yi ta tafiya, kuna ƙidaya takunsa har murya ta fara yankewa. Sa'an nan ya koma bayan bangon aji, ku sake ƙidaya.