KAZUWAR MAGE TA KUSA ƁATA MANA BIKI

 Na san kun saba jina da labaran soyayya, to yau ku yi mini haƙuri, zancen mage na zo muku da shi. Kada wata ta taɓe baki tukuna, don magen nan saura ƙiris ta sa Yayata ta shiga ɗakin miji da hannuwa duk ƙuraje.

Abin ya faru ne a hunturun 2022, a gidanmu da ke Tudun Wada, Gusau. Ɓeraye suka addabe mu, sun huda buhun gero, har sun fara taɓa kayan ɗakin Yaya Hadiza da Inna ta yi shekaru tana tarawa. Sai Gwaggonmu ta Tsafe ta aiko mana da 'yan kyanwoyi biyu a cikin kwali, fara da baƙa. Farar muka sa mata Lele, baƙar kuma Duna. Yaya Hadiza ta ɗauki son duniya ta ɗora musu, a gadonta suke kwana.

Ba a yi sati biyu ba Duna ta fara susa ba dare ba rana. Gefen kunnuwanta ya yi ɓawo, gashin fuskarta ya zube, fatar ta yamutse kamar ta tsohuwa. Lele kuwa sai kaɗa kai, in ka leƙa kunnenta ka ga wata baƙar dauɗa kamar garin gawayi. Can kuma sai ga ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi sun feso wa Yaya a hannu da wuya, ga biki saura wata guda. Ta zauna tana sharar hawaye tana cewa, "Inna, yaya za a yi mini lalle a haka? Me dangin miji za su ce?"

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta shigo ta ga halin da ake ciki, ta ce, "Mi kuke jira? Ku shahe mussar da baƙin mai da kananzir, haka muka taso muka ga ana yi ma awaki." Ba zan ɓoye muku ba, ni da hannuna na shafa wa Duna. Na manta cewa mage da harshenta take wanka. Ta lashe abin tas, kafin magariba tana dalalar da miyau tana rawar jiki, da gari ya waye mun same ta a bayan randa ta sandare. Har yau in na tuna sai na ji zuciyata ta yi nauyi.

Allah ya taimaki Lele, ranar Kawunmu na Bunguɗu ya zo kawo gudummawar biki. Shi mai kiwon zomaye ne da tattabaru. Da ya ji labari ya girgiza kai ya ce, "Ke da kika yi boko har kina rubuta littafi, ba ki san akwai asibitin dabbobi ba?" Kunya ta rufe ni. Washegari na sa Lele a kwando muka hau a-daidaita-sahu.

Likitan ya kankaro ɗan ɓawon fata da dauɗar kunnen, ya ɗora a madubin nan mai ƙara girman abu, ya ce in leƙa. Wallahi 'yan uwa sai da tsigar jikina ta tashi. Wasu mitsi-mitsin ƙwari ne masu ƙafa 8 suna ta motsi, dangin kaska ne da gizo-gizo. Ya ce iri biyu ne suka fi damun mage. Na farko a cikin kunne yake zama, shi ke kawo baƙar dauɗar nan. Ƙwansa yana ƙyanƙyashewa cikin kamar kwana 4, kuma cikin sati 3 ɗan ya girma ya fara nasa ƙwan. Na biyu shi ne na kazuwa, wanda macensa ke haƙa rami a cikin fata ta zuba ƙwai, yakan fara daga gefen kunne ya bi fuska da wuya. Shi ne ya hau Yaya. Amma ya kwantar mini da hankali, ya ce wannan na mage ba ya iya hayayyafa a fatar mutum, da an warkar da dabbar ƙurajen kan baje.

Ya auna nauyin Lele, ya yi mata allurar ibamektin daidai nauyinta, ya ce mu dawo bayan sati 2 a maimaita, saboda allura ba ta kashe ƙwai, sai an jira sun fashe. Maganin nan ma daga ƙasa aka samo asalinsa, daga wata ƙwayar halitta da Satoshi Omura na Japan ya tono, William Campbell ya yi aiki a kanta a Amurka. An fara sayar da shi don dabbobi a 1981, su biyun kuma suka sami kyautar Nobel a 2015. Amma fa ba a ce ki saya a kemis ki ɗirka wa mage da ka ba, in ya yi yawa guba ne.

Na tambaye shi ko babu abin da za mu iya yi na gida. Ya ce akwai, muddin mun gane cewa na gida taimako ne da sanyaya fata, ba shi ne zai tumɓuke cutar ba. Ga abin da muka yi, kuma muka ga amfaninsa. Ɗigo 2 na man zaitun a kunne, a murza gindin kunnen a hankali, a goge abin da ya fito da auduga. Ban da tura tsinke ko gashin kaza ciki. Wurin da ya yi ɓawo a jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a dinga dannawa, sannan a shafa man kaɗe ɗan kaɗan yadda ba za ta yi ta lasa ba. Tsummokaran da take kwana a kai, da zannuwan gadon Yaya, muka wanke da ruwan zafi muka shanya a rana mai ƙarfi. Muka ƙara mata abinci mai kyau, kifi da dafaffen ƙwai, don dabbar da yunwa ta ci ita cuta ta fi kayarwa. Kuma aka raba ta da gadon mutane har ta warke.

Sai abubuwan da ya ja mini kunne a kansu, ku ma ku riƙe. Hantar mage ba ta iya narkar da wasu magunguna kamar yadda tamu ke yi. Saboda haka ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe ta. Ban da yi mata wanka da Dettol ko Izal, ban da ota-fiya-fiya da duk wani maganin ƙwari na gona, ban da maganin kaska na kare, wanda sau da yawa yake ɗauke da sinadarin da ke sa mage farfaɗiya. Kuma ba duk abin da ya fito daga itace ne lafiya ba: tafarnuwa da albasa suna lalata mata jini, man darbejiya ma an sha samun magen da ya kwantar.

Kawu ya ƙara mini da nasa ilmin na Bunguɗu. Ya ce zomo ma yana da nasa ƙwaron kunne, har ɓawon ya cika kunnen ya sa shi langaɓewa, amma kada a kuskura a ɓamɓare, ciwo ne ɗanye a ƙasa, in an yi magani da kansa zai zube. Kaza ko tattabarar da ƙafarta ta yi kaushi ta tattashi kuwa, shafa mata basilin ko man gyaɗa a kai a kai yana toshe wa ƙwarin numfashi.

Wani abu kuma, ba kowane ƙaiƙayi ne na mage ba. Mutum yana da tasa kazuwar da ke bin gida ko ɗakin kwanan 'yan makaranta, ta fi tsanani da dare, tana kama tsakanin yatsu, wannan sai an je asibiti an yi wa kowa magani tare. In kuma kika ga tabo zagayayye a kan ƙaninki ko a jikin mage, to wataƙila makero ne, shi ba ƙwaro ba ne, maganinsa daban. Mu ma sai da muka kai Yaya asibiti aka tabbatar, aka ba ta man shafawa.

Kafin ranar kamu fatar Yaya ta koma sumul, lalle ya kama ja wur, ango bai ma san an yi ba sai da ta ba shi labari da bakinta. Lele tana nan, ta haihu har sau biyu, ɓera ko ɗaya ba ya giftawa.

'Yan uwa, malamai sun sha faɗa mana labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare ba ci ba sha, kuma kowa ya san dalilin da ya sa ake kiran babban sahabi Abu Huraira da wannan suna. Duk dabbar da kika ajiye amana ce a wuyanki. Ni ban yi niyyar cutar da Duna ba, rashin tambaya ne ya ja mini. Idan taki ta fara susa, ki leƙa kunnenta yau, ki nemi likitan dabbobi kafin ki nemi kwalbar kananzir.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Taku har kullum, daga Gusau.