MENE NE ZOMBI? BAYANI KAN FIM ƊIN OJUJU

Wannan makon za mu yi bayani kan fina-finan zombi, irin waɗanda ake turo wa yayyenmu a waya a shagunan Funtua da Malumfashi, mu kuma mu leƙa mu kasa barci.

Zombi ba fatalwa ba ce, ba kuma aljani ba. A labari, gawa ce da ta tashi tana yawo ba hankali. A gaske babu ita. Labarin ya bazu ne daga ƙasar Haiti, inda aka kai bayi daga Afirka suna noman rake. Abin da suke tsoro a can shi ne boka ya tashe ka bayan ka mutu, ya sa ka yi ta yi masa noma ba hutu ba lada. Duk wanda ya taɓa wuni yana karyar masara cikin rana ya san wannan ba ƙaramin tsoro ba ne.

Zombi mai cizon mutane kuwa ya samo asali daga Amurka. A 1968 George Romero da abokansa suka haɗa ɗan kuɗinsu suka yi Night of the Living Dead, ba tare da babban kamfani ba. Irin wannan ake kira fim mai zaman kansa. Fim ɗin baƙi da fari ne, don haka ruwan cakulan suka zuba a matsayin jini, ba wanda ya gane!

Mu ma a Najeriya muna da namu. C.J. Obasi ya fitar da Ojuju a 2014, kusan ba kuɗi, kuma ya ci kyautar fim ɗin Najeriya mafi kyau a bikin AFRIFF na shekarar. Labarin wata unguwar talakawa ce mai cunkoso a Legas. Ruwan da kowa ke sha ya gurɓace, mutane suka fara rikiɗewa kamar masu ciwon haukan kare. Sunan jarumin ma Romero.

Nan ne muka fi so ku lura. Irin wannan fim ba da jini yake kama mutum ba, da zuciya yake wasa. Wanda ya rikiɗe ba baƙo ba ne, maƙwabcinka ne ko abokinka. Za ka buɗe masa ƙofa ko za ka kulle? A fim ɗin 1968, mutanen da suka ɓuya a gidan gona sun yi ta faɗa da juna har suka halaka. Ben, wanda ya kai safe da ransa, masu zuwa ceto ne suka harbe shi, don sun zaci shi ma gawa ce.

A ganinmu Ojuju ya fi ban tsoro, domin rabinsa gaskiya ne. Ruwa ba ya mai da mutum zombi, amma yana kawo kwalara, musamman da damina in ruwan sama ya kwashi ƙazanta ya zuba a rijiya. Rijiya ɗaya kan shayar da layi guda, mai garuwa ɗaya kuma yakan shiga gida goma. Da a nan Obasi ya ɗauki fim ɗinsa, bakin dam ɗin Mairuwa da gonar masara bayan magariba sun ishe shi.